Ki Ɗauki Samira Ki Je Wajen Maman Odil

Bagudo,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗiyata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kina lafiya, ke da gwaggonki da duk mutanen gidanta. Allah Ya tsare ki a Abuja, Ya tsare ki a hanyar dawowa, Ya kuma tsare ki a doguwar hanyar da ke gabanki. Abbanki yana gaishe ki. Na ji biza ta fito, alhamdu lillahi. Daga bakin gwaggonki na ji, amma ba komai, ita ma ai ’yar uwa ce.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Ƙanwarki ta tona miki asiri. Ta ce in na aiko miki da saƙon murya, akwai inda kike dannawa sai maganata ta riƙa gudu, in koma kamar mai tallan magani a tasha. Takarda ba ta da wurin dannawa. Ki nemi waje ki zauna.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Magana ɗaya ce. Ranar Alhamis za ki dawo, Talata ta sama ki tashi zuwa Italiya. A tsakaninsu akwai Asabar. Ina so ranar Asabar ɗin nan ki haye gadar Tuga, ki wuce Tsamiya, ki shiga Segbana, ki je shagon Maman Odil ki ba ta haƙuri.

Na san abin da za ki ce, wai ba ki yi komai ba. To bari in tuna miki, tunda ina wurin, a kan benci, da kofin shayi a hannuna. Mun je sayen taliya, na shaida mata kin samu gurbin karatu a Torino, garin da ɗiyarta Odil take aikin jinya. Matar nan ta saki hannun injin murji, ta rungume ki har fulawa ta hau mayafinki. Tun kafin mu roƙa ta ce Odil za ta tarbe ki, ki zauna wajenta har a buɗe ɗakunan ɗalibai. Sannan ta fara: “Wace rana za ki sauka? Da safe ko da yamma? Akwati nawa? Wa ya san kina hanya?” Ke kuma kika ɗaga waya kika kaɗa mata a fuska kika ce, “Maman, duk yana cikin nan, ba sai an wahalar da kowa ba.” Da a nan kika tsaya da sauƙi. Sai kika dubi tiren taliyar da ta murza tun da asuba, kika yi dariya, kika ce, “Kuma in na je can zan ci ta gaske.”

Ta gaske. A gaban surukarta, a gaban masu saye, a ƙarƙashin hoton mijinta.

Tun daga ranar Odil ba ta ƙara ɗaga wayata ba. Kin san dai ɗakunan ɗaliban nan ba za a buɗe su ba sai bayan kin isa da makonni, ke da kanki kika karanta mini takardar. Don haka in abin ya tsaya a haka, za ki sauka a ƙasar da ba ki jin yarenta, cikin sanyin da ba ki taɓa gani ba sai a firij, babu mai riƙe miki ko da jaka. Wayar da komai yake cikinta ba ta da ɗaki.

Ba zan yi miki wa’azi ba, kin sha shi a Islamiyya kuma ga sakamakon. Zan dai ba ki labarin irin shirmen da ni na tafka a shagon nan, don ki san ba ke kika fara ba, gado kika yi.

Kin tashi kin ga shagon, shi ya sa ba ki ganin abin mamaki a cikinsa. Marigayi Baba Jozef ya yi wa wasu Turawan Italiya masu aikin hanya kuku a can kudancin Benin. Da aikin ya ƙare ya dawo gida da injin murji, da girke-girkensu, da kuma masifarsu. Ya koya wa matarsa, ita kuma ta riƙe duka ukun. Su ne suke murza ɗanyar taliya da ƙwai, su dafa tumatir da ɗaɗɗoya su zuba a kwalabe, su sawo man zaitun da busasshen cuku daga Kwatano. Masu saye su ne limaman coci, da ma’aikatan ƙungiyoyin agaji, da manyan kwastam waɗanda suka yi kos a waje suna son a sani. Sai ni.

Zuwana na farko ina amarya, digirina na tattalin arziki bai gama hucewa ba. Wata abokiyar aikina ce ta kai ni. Na nuna abin da nake so, sai matar ta tsare ni da ido ta ce, “Bon. Ina za ki kai ta? Yaushe za ki dafa? Baki nawa?” Raina ya ɓaci. A jami’a an koya mini cewa tsakanin mai saye da mai sayarwa babu komai sai farashi, har jarrabawa na ci a kan haka. Na ce a raina, ina ruwan wannan da inda zan kai kayana? Sai na ce mata, “Nan kusa, Tsamiya,” don kawai ta rufe baki. Alhali Birnin Kebbi na nufa da ita, sunan ɗan ƙawata, ina so in nuna wa matan birni cewa mu na bakin boda mun waye.

Ta barbaɗa fulawa, ta naɗe mini a takarda, irin naɗin da ake yi wa mai dafawa kafin la’asar. Ashe mai tafiya nesa daban ake ba shi, wadda aka shanya a igiya ta sha iska. Ni na ɗauka duk taliya taliya ce, kamar tamu ta murji da ke shekara a kwali ba ta ce uffan. Na jefa ta a but, ana tsakiyar bazara. Ga shingayen hanyar nan da kika sani, kowane sai an buɗe but, an leƙa, an tambayi lafiyar maigida. Da na kwance takardar a Birnin Kebbi, curi ɗaya na tarar, yana tsami. Uwar ƙawata ta leƙo ta ce, “Sannu da ɗawainiya, kullun fanke ne kika taho muna da shi tun daga Faransa?” Har yau in matan nan sun gan ni a biki sai wata ta tambayi lafiyar fanke.

Don haka ki ji: in babba ya tambaye ki ina za ki, yaushe, da wa, ki amsa, kuma ki faɗi gaskiya. Wani gulma yake nema, ban musa ba, garinmu ba a rasa su. Amma wani so yake ya san irin naɗin da zai yi miki. Tambayoyin da matar nan ta jera miki ran nan, su ne take yi wa duk abin da zai fita daga hannunta ya yi nisa. Ban taɓa jin ta yi wa kwalbar man zaitun su ba.

Kada ki ɗauka waliyyiya nake zana miki. Maman Odil ta fi kowa baki a tsakanin Segbana da Tsamiya. Ta yi imani cewa duk ɗan Nijeriya dafa taliya yake yi har sai ta mutu. Ta ce taliyarmu da manja da yaji abincin masu zaman makoki ne. Ta taɓa hana wani babban jami’i rabiyoli, wata taliyarsu mai cushe, saboda ya ce da miyar kuka zai ci. Rabin abin da take faɗa game da Italiya daga bakin mijinta ta ji, shi ma daga kicin ya hango, domin babu wanda ya taɓa taka ƙasar a cikinsu sai Odil. Na san wannan, ita ma ta san na sani. Shekaru ke nan ban faɗa ba, kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba.

Shirme na biyu, yabo ne ya jawo mini shi. Lokacin ɗanta ya yi sabon aure, amaryar, Klarisa, ta fara taya ta murji. Wata Asabar na ɗanɗana abin da aka miƙo mini, sai na ce, cikin fara’a, “Ta yi daɗi, amma ta wancan makon ta fi laushi, kamar auduga.” Klarisa ta sunkuyar da kai tana murmushi tana kallon siminti. Ashe ta wancan makon ita ta murza, tsohuwar tana kwance da zazzaɓi. Maman Odil ta ce, “Ah, to. Madam Lakwal ta san taliya yanzu.” Madam Lakwal ɗin ni ce, haka take kirana tun da ta ji a ofishin ilimi nake aiki, don lakwal makaranta ce a Faransancinsu. Damina guda cur ina samun yankan gefe, gajeru da karkatattu, waɗanda ake ajiye wa yaran gida. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ita kuwa Klarisa aka mayar da ita wanke kwalabe, ta biya bashin bakina da hannunta.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, shagon iyali gida ne da aka buɗe wa ƙofa ta titi. In kin shiga, cikin falon mutane kika shiga. Akwai wanda aka yi faɗa da shi da safe, akwai mai jiran gado, akwai wadda ba a gama karɓa ba. Ki fara gaida mafi tsufa ko da ba ita ke riƙe da sikeli ba. In za ki yaba, ki yaba wa gidan, su raba a tsakaninsu bayan kin fita. Kada ki gwada na yau da na jiya, kada ki gwada na nan da na can. An ce mini Italiya cike take da irin waɗannan shaguna, kowane da tsohuwarsa a kusurwa. Ke da kika iya ɓata wa guda ɗaya rai da Hausa, ina tausaya miki ranar da kika koyi yarensu.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Kakanki Malam ya taho daga Zagga ganin likita, ya sauka wajenmu. Na ce bari in burge surukina. Na sawo rabiyoli, ’yan matasan kullun nan da ake cusa wa abu a ciki. A shagon na so in tambayi abin da ke ciki, amma sai wayewa ta riƙe mini harshe. Na ce a raina, matar nan Kirista ce, in na ambaci alade za ta ɗauka ina ƙyamarta, kuma ni ba irin matan nan ba ce, ni na yi jami’a. Na karɓa na yi godiya da Faransancina na aro.

Malam ya ci, ya ƙara, ya suɗe cokali. Sai da aka kwashe kwanuka ya ce, “Wanga ɗan wake na Nasara ya yi daɗi. Mi aka sa ciki nai?” Abbanki ya dube ni ya ce a hankali, “Ke dai kin san abin da kika sawo ko?” Na ce na sani mana. Malam ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci da abin da ban sani ba a cikinsa. Washegari ko ofis ban je ba, na hau kabu-kabu daga Tsamiya don sauri, na faɗa shagon ina haki na ce, “Maman, don Allah abin jiya, babu alade a ciki ko?”

Ta ajiye wuƙa. Ta ce, “Cukun Fulani ne da alayyahu. Hajjo ce ta kawo cukun, ga ta can zaune, je ki tambaye ta ko shanunta sun koma aladu.” Hajjo, Bafulatanar da ke kawo musu cuku, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Sannan tsohuwar ta ce, “Ni zan ba ki alade ban gaya miki ba? Wuƙar Musulmi daban take a gidan nan tun mijina yana da rai. Da jiya kika tambaya, da na nuna miki.” Ba ta yi mini magana ba har aka sha ruwa, wata biyu ke nan a lokacin.

Wannan ki riƙe shi da kyau, domin a inda za ki alade da giya suna shiga abinci kamar yadda maggi yake shiga namu. Ki tambaya kafin ki saya, da murya a sake, ba tare da noƙe-noƙe ba. Babu mai hankalin da zai ji haushi. Amma in kin saya, kin ci, sannan kin dawo kina tambaya, kin tuhumi mutum ke nan. Kuma kada ki ɓoye addininki don a ce kin waye. Ni na gwada, a kan kabu-kabu na ƙare.

Akwai na huɗu, sabo fil, jiya na yi shi. Na ce bari in je in ba da haƙuri a madadinki, tunda ni na haife ki. Na ɗauki samirata na tafi. Da na shiga ta ɗago ta ce, “Sannu da zuwa, Hajiya.” Hajiya. Ban taɓa zama Hajiya a shagon nan ba, ko shekarar da na dawo daga Makka da haƙorin gwal Madam Lakwal ta ce mini. Na fara magana ta ce, “Me za a ba ki?” Na faɗa. Ta auna, ta naɗe, ta miƙo. Ba ta tambaye ni ina zan kai ba, ba ta tambaye ni yaushe zan dafa ba, ba ta tambayi baki nawa ba. Na juya in zauna, sai na ga an jibge buhunan fulawa a kan bencin.

Na fito ina neman makullin mota a jakar da na san ba ya ciki. Sai ga Klarisa ta biyo ni, wai ta zo zubar da ruwa. Ta ce, “Madam, kar ki ce ni na faɗa miki. Tun ranar ta ɗaure saƙon Odil, busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Yana ƙarƙashin kantar shagon. Direbobi biyu masu zuwa Kwatano sun ce a kawo su miƙa wa masu tafiya, ta hana. Ta ce akwai mai ɗauka.” Na ce to me ya sa ta yi mini haka? Klarisa ta ce, “Ta ce ba ke kika ce za ki ci ta gaske ba.”

Kin ji. Haƙurin da aka aiko ba ya karɓuwa a gidan nan. Ni da na rubuta miki duk wannan, sai jiya na koya.

Saboda haka ga yadda za a yi. Ranar Asabar ki tashi da wuri, Malam Umaru na Lafagu zai kai ki, na riga na gaya masa. Ni ba zan je ba. Ki sa atamfa, ki bar wandon nan a akwati, zai yi miki amfani a can. Ki ɗauki samirata mai murfi, shuɗiyar, domin wanda ya shiga hannu sake kallo ya zo yi. Wayar ki bar ta a mota. Ki gaishe ta har ƙasa, kada ki yi doguwar magana, kada ki ce “in na ɓata miki rai”, kin ɓata. Za ta bar ki a tsaye, ki tsaya. Za ta ce ’yan Nijeriya ba su da kunya, ki ce haka ne. In ta ɗauko ƙullin nan, ki karɓa da hannu biyu, kuma kada in ji kalmar kilo ta fito daga bakinki. Ki cire takalma biyu daga akwatin, ƙafa biyu Allah Ya ba ki. In kuma ta fara tambayar wace rana, da safe ko da yamma, to kin tsira. Ki amsa ɗaya bayan ɗaya.

Saura abu ɗaya, kuma in kika faɗa wa Abbanki zan ce ƙarya kike yi. Ni taliyar nan ba ta dame ni ba. Wallahi na fi son tamu da manja da yaji da ɗan ƙuli, a tsaye a kicin. Abin da yake kai ni Segbana duk Asabar bencin nan ne. A ofis ni ce mai sa hannu, a gida ni ce mai makullin sito, a Zagga ni ce matar ɗan Malam wadda ta yi boko. A kan bencin nan kawai ake miƙo mini shayi, a zage ni, a tambaye ni baki nawa. Ranar Talata adadin zai ragu da ɗaya, kuma ina so ya kasance akwai wadda za ta tambaya, in faɗa mata, ta ce na yi ƙarya yarinyar tana nan tafe da hutu. Ke za ki hau jirgi, ni a nan za ki bar ni. Ki je ki sa a sauke mini buhunan nan.

Allah Ya yi miki albarka, Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya ba ki haƙurin zama da su. Allah Ya tsare miki imaninki da lafiyarki, Ya tsare mutanen Italiya daga bakinki. Ya dawo mana da ke da abin da kika je nema. Ki gaida gwaggonki, ki ce na gode da labarin biza.

Samirar tana kan firij, na wanke ta.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Inna.